Wilin Ƙaramar Mota a Ƙarƙashin Bas: Ya Shiga, Amma Zai Ɗauka?

(Kiɗan buɗe shiri)

  

Yau maganar ƙafar mota za mu yi. Mutum ne yake da bas ko motar ɗaukar kaya, wilinsa ya lanƙwashe ko tayarsa ta cinye, aljihu kuma ba nauyi. Ya shiga kasuwar kayan gyara, aka nuna masa wili da taya na ƙaramar mota a farashi mai sauƙi. Aka gwada, ramuka suka yi daidai, noti ya ɗauru, aka sauke jak, mota ta tsaya da ƙafarta. Mai kaya ya ce, "Ka gani ko, Alhaji? Daram." To, ya kama hanya ke nan?

A mafi yawan lokuta amsar ita ce a'a. Akwai lokacin da amsar takan zama e, za mu zo kansa. Amma ko a lokacin, ba ido ne yake yanke hukunci ba, ba kuma bakin mai sayarwa ba. Lamba ce, wadda aka rubuta a jikin motar, da jikin tayar, da bayan wilin.

Mu fara da abin da ke ruɗar mutane, wato ramukan noti. Kamfanonin mota sukan yi amfani da tsarin ramuka iri ɗaya a motoci masu nauyi daban-daban. Ɗauki Volkswagen. Bas ɗinsu da ake kira T4, wadda suka ƙera daga 1990 zuwa 2003, ramuka biyar gare ta a kan da'ira mai faɗin milimita 112. Wannan tsarin ne a jikin Passat, shi ne a jikin Audi A4, shi ne a jikin Sharon ɗin da muke hawa kullum. Wilin Passat zai zauna a ƙafar T4 ba gardama. Wadda ta biyo bayanta, T5, da ta fito a 2003, ramuka biyar ne a kan milimita 120, irin na motocin BMW da yawa. Haka a gidan Toyota, ramukan Camry da na Sienna ɗaya ne, biyar a kan 114.3. Hausawa suka ce kama da wane ba ta wane. Wanda ya zana wilin Passat, nauyin Passat ya lissafa, mutum biyar da jakunkunansu. Bai taɓa kawo buhunan masara a ransa ba.

Masu Hiace, wadda muke kira homa bas, kada ku ce ba da ku ake ba. Gaskiya ne ramukan ƙafarta shida ne, wilin ƙaramar mota ba ya shiga. Amma wilinta inci 15 ne, kuma tayar ƙaramar mota mai inci 15 tana hawa kansa lafiya lau. A tashoshinmu ta nan ɓarnar ta fi yawa: wili na bas, taya ta Corolla ko ta Camry. Don haka bari mu daɗe a kan taya.

Idan kana kusa da motarka, tsuguna ka dubi gefen tayar. In ƙura ta rufe rubutun, ɗan yayyafa ruwa ka goge da tsumma. A tayar ƙaramar mota za ka ga abu kamar 195/65 R15, sannan a gabansa 91H. Yawancinmu a kan 15 ɗin nan muke tsayawa, mu ce wa mai taya, "Ba ni fiftin." Alhali 91 ɗin nan ita ce maganar. Lambar nauyi ce, kuma akwai jadawalinta da duk kamfanonin taya na duniya suke bi. 91 na nufin kilo 615. Iyakar abin da tayar nan za ta ɗauka ke nan, shi ma sai an ba ta cikakkiyar iska. 94 kilo 670 ne. 98 kilo 750. 100 kilo 800. Harafin da ke biye kuwa na gudu ne, ba shi muke nema yau ba.

Yanzu dubi tayar da aka yi wa Hiace. Za ka ga 195 R15C, sannan 106/104. Harafin C da ke manne da 15 yana nufin tayar motar aiki ce, ta haya da ɗaukar kaya. 106 kilo 950 ne, idan taya ɗaya ce a kowane gefe. 104 kilo 900 ne, na motar da ake jera mata tayoyi biyu-biyu a baya. Ga 615, ga 950. Bambancin kilo 335 a ƙafa ɗaya tak, alhali a ido faɗinsu ɗaya, baƙinsu ɗaya.

Mu yi lissafi tare, a hankali, don wanda ke tuƙi ma ya bi mu. Homa bas doguwa, ba kowa a ciki, ta kai wajen tan 2. Zuba mata mutum 18, a ce kowane kilo 70, ka sami kilo 1,260. Ƙara kaya a baya, a ce kilo 300 kawai, kuma kowa ya san ana wuce haka. Mun haura kilo 3,500. Tayoyi huɗu masu lamba 91, gaba ɗayansu kilo 2,460 suke ɗauka. Ka ga an ɗora musu fiye da tan guda a kan ƙarfinsu tun motar ba ta fita daga tasha ba.

Wannan lissafin ma na yi wa tayar sassauci, domin nauyi ba ya rabuwa huɗu daidai. Bas in ta cika, baya ne yake shan wahala. Kujerun ƙarshe a can suke, kaya a can suke, wani lokacin har a bar ƙofar baya a buɗe a ɗaure da igiya, buhuna suna leƙowa waje. Duk abin da ya wuce ƙafar baya, danna ta yake yi yana ɗaga gaba. Shi ya sa ƙa'idar ba ta ce ka raba nauyin mota gida huɗu ba. Cewa ta yi ka nemi nauyin da aka yarda ƙafafun baya su ɗauka, ka raba shi biyu.

Ina za ka same shi? A jikin ginshiƙin ƙofar direba, ko a cikin gidan inji, akwai ɗan faranti ko takarda da kamfani ya manna. A motocin da suka fito daga Turai za ka ga lambobi huɗu a jere: na farko nauyin motar da kayanta gaba ɗaya, na biyu idan tana jan tirela, sai mai alamar 1 na ƙafafun gaba, mai alamar 2 na ƙafafun baya. A ce ka ga 1,700 a wajen na baya. Rabinsa 850. To kowane wili na baya sai ya iya ɗaukar kilo 850 ko fiye, kowace taya ma haka, wato lamba 102 zuwa sama. Motocin da suka zo daga Amurka suna rubuta GAWR, na gaba da na baya. Idan taka ba ta da ko ɗaya, nemi takardar da ke nuna girman taya da iskar da za a ba ta, kada ka sauka ƙasa da lambar da ke jikinta.

A Amurka ma doka ta ƙara wani tsanani. Idan za a sa tayar ƙaramar mota a bas ko a motar kaya, sai an rage ƙarfinta, a raba lambar da 1.1. Mai kilo 615 ta koma wajen 559. Dalili shi ne irin waɗannan motoci dogaye ne, a kwana suna jingina nauyinsu a ƙafafun waje, kuma sun fi yawan tafiya a cike.

(Ɗan gajeren kiɗa)

Masu sauraro, har yanzu muna kan maganar wili da tayar ƙaramar mota a ƙarƙashin bas.

Na san abin da wani direba yake faɗa a ransa yanzu: "Malam, ai na sa, wata nawa ina aiki da ita, ba abin da ya faru." Na yarda. Kuma wannan shi ne abin da ya fi ba ni tsoro a lamarin, domin da a ce tana fashewa nan take a gaban mai faci, da ba wanda zai sake sakawa.

Ga abin da ke faruwa a ciki. Iska ce take ɗaukar nauyi, taya riƙe iskar take yi. Tayar ƙaramar mota tana kai cikakken ƙarfinta ne a iska 36 a gejin mai faci. Tayar bas mai 106 kuwa sai an ba ta wajen 65 take ɗaukar kilo 950 ɗin nan, kuma an ƙarfafa jikinta ne don ta riƙe wannan iska. Idan aka ɗora wa taya abin da ya fi ƙarfinta, gefenta yakan lotsa fiye da ƙima a duk lokacin da ya zo ƙasa, ya miƙe in ya koma sama. Tayar Hiace tana juyawa kusan sau 460 a kowace kilomita. Daga Kano zuwa Kaduna ta juya fiye da sau dubu 100. Kowace lotsawa zafi take haifarwa. Haɗa da kwaltar watan Afrilu da tsakar rana. Zafin nan shi yake raba roba da wayoyin ƙarfen da ke cikinta, a hankali, ba a gani daga waje. Ranar da za ta rabu gaba ɗaya, ba a tsaye take rabuwa ba, a kan gudu ne, da mutane a ciki.

Wasu sukan ce to a ƙara mata iska mana, a kai ta 60. Kada a yi. A jikin kowace taya an rubuta iyakar iskar da za ta ɗauka, kuma ƙarin iska ba ya mayar da mai lamba 91 ta zama 106. Tauri kawai za ta yi, rami na farko ya tsinka zarenta, ka wayi gari ka ga ta yi kumburi a gefe.

Direba, ga abin da za ka iya yi da hannunka. In ka tsaya a Zariya fasinjoji sun sauka yin salla, zagaya ka ɗora bayan hannunka a gefen kowace taya. Ɗumi dole ne. Amma in ka ji ta baya ta fi sauran zafi sosai, har ba ka iya barin hannunka a kai, tana gaya maka wani abu. Kada ka rage mata iska tana da zafi, wannan ƙara mata ciwo ne. Bar ta ta huce, a auna, a dubi lambarta, a dubi lodin.

Shi kuma wili, tasa gajiyar daban ce. Kowa ya taɓa karya waya da hannu: ba ja ake yi ba, lanƙwasawa ake yi gaba da baya, gaba da baya, har ta tsinke. Haka ƙarfen wili yake gajiya. Kowane juyi yana ɗan lanƙwasa shi kaɗan. In nauyin yana cikin abin da aka ƙera shi dominsa, zai yi shekaru. In ya wuce, sai tsaga ta fara, siririya kamar gashi, a gindin hannuwan wilin ko a tsakanin ramukan noti, galibi ta ciki inda ba mai dubawa. Wilin ƙarfe yana da ɗan mutunci, yakan lanƙwashe ya ba ka alama. Na alminiyam, wanda samari suke so saboda ƙyalli, yakan tsage ne, wani lokacin ya balle gaba ɗaya. Kuma ina roƙon masu walda, don Allah, idan aka kawo muku wilin alminiyam da ya tsage a hannu ko a wajen noti, na motar haya, ku ce ba za ku yi ba. Wutar walda tana kashe ƙarfin da aka gasa masa a masana'anta. Zai fito fes a ido, amma ba shi ne na da ba.

Yaya za ka san ƙarfin wili? Kifa shi, ka wanke bayansa. A jikin hannuwan za ka ga rubutu da aka zuba tare da ƙarfen. Wasu suna rubuta MAX LOAD da adadin kilo, misali 690KG. Wilin da aka yi bisa ƙa'idar Japan yana ɗauke da tambarin JWL idan na ƙaramar mota ne, JWL-T kuwa idan na bas ne da motar kaya. Harafin T ɗin nan shi mai bas zai nema. Idan babu adadin kilo, wili ne na kamfanin mota, to tambayi daga wace mota aka ciro shi, ka ɗauka ƙarfinsa bai wuce abin da waccan motar take buƙata ba. In kuwa ba suna, ba lamba, ba wanda ya san asalinsa, bar shi a inda ka gan shi ko da kyauta aka ba ka.

Yanzu mun zo lokacin da amsar takan zama e. A Turai masu T5 sukan sa wilin manyan jif irin BMW X5 ko Range Rover, domin waɗannan motoci ne masu nauyi, wilinsu an yi shi da ƙarfi. Volkswagen da kansa ya fitar da wasu T5 da taya marar C, mai lamba 103, wato kilo 875, da alamar XL ta ƙarin ƙarfi. Ka ga ba sunan motar ne abin dubawa ba. In lambar wili da ta taya sun kai rabin nauyin ƙafafun baya, an tsallake sharaɗi na farko. Amma ra'ayina, ga motar haya a kan hanyoyinmu masu ramuka, da irin lodin da muke yi, tayar C ce kawai, a kan wilin da aka yi wa motar. Mutumin Jamus da ke sa wilin jif a bas ɗinsa, shi da matarsa da 'ya'ya biyu ne a ciki, a kan titi sumul.

Na ce sharaɗi na farko domin akwai saura, kuma kanikawa sun fi ni sanin su. Ramin tsakiyar wili sai ya zauna cif a kan hob. Na T5 milimita 65.1 ne, na BMW 72.6, saboda haka wilin BMW yana zama da sako-sako sai an sa masa zobe, in ba haka ba sitiyari ya riƙa rawa. Sai mazaunin noti. Na Volkswagen a zagaye yake kamar ƙwallo, na BMW a tsuke yake kamar mazurari. Ka ɗaura wannan a mazaunin wancan, a baki-baki kawai suke haɗuwa, tafiya kaɗan ya saki. Sai tsawo: wilin alminiyam ya fi na ƙarfe kauri, don haka zaren da ya rage wa noti ya kama yakan ragu. Ƙa'ida ita ce zaren ya shiga aƙalla gwargwadon kaurin ƙarfen da ake ɗaurawa. Akwai kuma lambar da ke biye da haruffan ET a bayan wili, wadda ke nuna yadda zai shige ciki ko ya fito waje. Wilin Prado yana da ramuka shida irin na Hiace, ƙarfi kuma ba a magana, amma yakan turo taya waje. Wasu suna son haka don ado. Boris ne yake biyan kuɗin adon, ga taya tana gugar bodi in an yi lodi.

Akwai wani ruɗani da nake so mu warware. A gefen tayoyi da yawa akwai inda aka rubuta TEMPERATURE, da harafin A, ko B, ko C. Wannan darajar jure zafi ce, A ta fi, C ce ta ƙasa. Ba ita ce C ɗin motar aiki ba. C ɗin da muke nema tana manne da girman wili, 14C, 15C, 16C. Kada mai taya ya nuna maka waccan ya ce ga C nan.

Ban manta da halin da ake ciki ba. Tun da Michelin ta rufe masana'antarta a Fatakwal a 2007, Dunlop ta bi bayanta a Legas a 2008, tayoyinmu daga waje suke zuwa, farashinsu yana bin dala. Direba yana da balas da zai kai wa mai mota, ga mai, ga kuɗin tasha, ga gida. Shi ya sa ake komawa ga gwanjo, duk da cewa tsofaffin tayoyi suna cikin kayan da Najeriya ta hana shigowa da su. Kuma mafi yawan abin da ke cikin tulin gwanjon nan tayoyin ƙananan motoci ne. Maganata a nan ga masu motoci take, ba ga direbobi kaɗai ba. Alhaji, Hajiya, in kun bar wa direba sayen taya daga abin da ya rage masa, kun san wadda zai saya. Ku ɗauki wannan a kanku, ku je ku ga lambar da idonku. Ku duba shekarunta kuma: lambobi huɗu na ƙarshe a layin da ya fara da DOT, biyun farko mako, biyun ƙarshe shekara. 2319 na nufin mako na 23 a 2019. Hukumar kiyaye haɗurra ta ƙasa, FRSC, shekara huɗu take ba taya daga ranar da aka ƙera ta.

Me ya sa nake matsawa a kan ƙafar baya haka? A 2001 hukumar kula da lafiyar hanya ta Amurka ta yi gargaɗi a kan bas masu ɗaukar mutum 15. Ta gano cewa idan mutum goma ko fiye suna ciki, yawan kifewarsu a haɗari ya kusa ninka na marasa lodi sau uku, saboda nauyi ya hau sama ya koma baya. Irin wannan motar ce, a cike, tayar baya take fashe mata. Baya ya fara wutsiya, direba ya firgita ya taka birki da ƙarfi, sai ta juya. In Allah ya kawo wannan, direba, riƙe sitiyari da hannu biyu, kada ka danna birki, sassauta ƙafarka daga totur a hankali, bar motar ta rage gudu da kanta, sannan ka gangara gefe. Muna cewa tsautsayi ba ya wuce ranarsa, gaskiya ne, komai da ikon Allah. Amma wanda ya ga 91 a inda ake buƙatar 106 ya zuba mutum 18, an nuna masa tun kafin ranar.

Kafin lokaci ya ƙwace mana, abu biyu. Safaya ma ƙafa ce. A bas da yawa tayoyi huɗun da ke ƙasa na kirki ne, amma wadda ke rataye a ƙarƙashi ta ƙaramar mota ce, ba iska a cikinta, ba wanda ya taɓa ta tun bara. In dole ta sa ka saka irinta a daji, rage gudu sosai, ka tsaya a gari na farko ka canza. Na biyu, ɗaurin noti. Yaron mota ya zura bututu a sifana ya hau kai yana tsalle, wannan ba ɗauri ba ne, miƙar da ƙarfen yake yi har ya gaji. A ɗaure a gicciye, wannan sannan na daura da shi, da ƙarfin hannu. Duk lokacin da aka canza wili kuma, bayan an yi tafiyar kilomita 50 a tsaya a sake bin notin ɗaya bayan ɗaya.

 

(Kiɗan rufe shiri)